Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Gano Musabbabin Kuskure a Layin Maikurowef



Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Bauchi, wajen ƙofar Jami'ar Jos ko wajen tashar mota, ya ɗaga kai, zai ga ƙarafan sabis sun tsaya cirko-cirko. Kaya iri biyu ne a jikinsu. Akwai dogaye masu kama da allo, su ne ke magana da wayar da ke aljihunka. Akwai kuma zagayayyu masu kama da ganga ko faifai, waɗanda ba ruwansu da wayarka, kowannensu ya zuba ido ne ga wani ɗan'uwansa da ke kan wani ƙarfen, wataƙila kilomita 3, wataƙila kilomita 30 daga nan. Abin da ke tsakanin waɗannan faifai biyu shi ne layin maikurowef. Kiranka da saƙonka da kuɗin da mai POS ke turawa, duk suna bin wannan hanya zango-zango, kamar ayarin fatake, har su isa inda wayar fayiba za ta karɓe su. Idan zango guda ya yi rauni, garuruwan da ke bayansa duka sun shiga duhu. Maganar da na zo da ita guda ce: kowane kuskure da ke faruwa a irin wannan layi yana barin sawu, sawun nan kuwa a rubuce yake cikin na'ura, don haka gyara yana farawa ne daga karanta bayanai, hawa ƙarfe da sauya akwatin rediyo su biyo baya. Wanda ya juya wannan jeri ya bar jaki yana dukan taiki.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1931 aka gwada ta a kan mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, tsakanin Doba da Kale, a 1951 kuma ta haɗa gabashin Amurka da yammacinta. A nan gida, tun zamanin hukumar P&T ake jan layin tarho tsakanin manyan birane da ita, NITEL ta gaji aikin bayan kafa ta a 1985. Da wayar salula ta GSM ta zo a 2001, kamfanoni suka tarar babu isasshen ƙashin bayan da zai ɗauki kayansu, sai kowa ya kama gina nasa. A watan Janairun 2003 aka ƙaddamar da layin MTN mai suna Y'elloBahn, mai tsawon kilomita 3,400. Ke nan mun shafe fiye da shekara 20 muna zaune da waɗannan faifai a bisa kawunanmu, lokacin da ya isa a ce mun san halinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Kafin a gane cuta sai an san lafiya. Ana auna ƙarfin sigina da desibel, lissafinsa kuwa mai sauƙin riƙewa ne: ragin desibel 3 ya cinye rabin ƙarfi, ragin 10 ya bar kashi 1 cikin 10, ragin 30 ya bar kashi 1 cikin 1,000. Duk lokacin da aka ninka nisan tafiya, sigina na asarar ƙarin desibel 6 ko da sararin sama tas yake. Mai tsara layi yakan tara ƙarfin da na'ura ke fitarwa da abin da faifai biyu ke ƙarawa, ya cire asarar hanya, ya samu adadin da ya kamata ya iso ɗaya ɓangaren. A ce lissafi ya ba shi -40, na'urar karɓa kuma tana fara tafka kuskure a -75. Tazarar 35 da ke tsakani ita ce guzurin layin, abin da aka ajiye domin ranar ruwa da daren da iska ta rikice. Ranar da aka kammala haɗa layi, wajibi ne a rubuta abin da aka gani a kowane ɓangare, a gwama shi da lissafi. Idan bambancin ya wuce desibel 2 ko 3, aiki bai gama ba, ko da kira na shiga. Wannan takarda ta ranar farko ita ce katin haihuwar layin, kuma duk abin da zan faɗa a gaba ya rataya ne a kanta, domin mutumin da ya ga -52 a allo bai san komai ba sai ya san ko jiya -40 ne ko kuwa tun fil azal -52 ne.

Sannan kuskuren kansa ana ƙirga shi. Ƙa'idar G.826 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba shi gida-gida. Akwai daƙiƙar da aka samu kuskure ko da guda ɗaya ne. Akwai daƙiƙa mai muni, wadda kashi 30 cikin 100 ko fiye na ƙunshin bayanan da aka turo suka lalace. Idan munanan daƙiƙu 10 suka zo a jere, an ɗauka layi ya faɗi. Na'urorin yanzu suna ajiye wannan ƙidaya kowane minti 15 da kuma kowane sa'a 24, tare da mafi ƙanƙanta da mafi girman siginar da suka karɓa. Layin da aka tsara ya yi aiki kashi 99.99 cikin 100 na lokaci an yarje masa faɗuwa ta kimanin minti 53 a shekara, wanda aka tsara kan 99.999 kuwa minti 5 da 'yan daƙiƙu ne rabonsa. Ku lura da abin da wannan ke nufi: tun a kan takarda an riga an ware wa yanayi kasonsa. Layin da ke faɗuwa sa'a guda duk mako a damina ya ci rabon shekara da shekaru, kuma ba sararin sama ne ya ba shi ba.

A nan ne nake so in daɗe, domin ruwan sama shi ne wanda aka fi ɗora wa laifi a Jos, kuma shi ne aka fi zalunta. Gaskiya ne garin nan na samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Amma jimillar shekara ba ta dami maikurowef ba, abin da ya dame shi shi ne yawan ruwan da ya zubo a cikin minti guda. Yayyafin Agusta na kwana uku ba ya yi masa komai, mamakon minti 10 na farkon damina shi ne abokin gabarsa. Haka kuma ba kowane layi ruwa ke ci daidai ba. Idan ruwa na sauka da ƙarfin milimita 100 a sa'a, layin gigahaz 7 yana asarar ƙasa da desibel 2 a kowace kilomita, na gigahaz 15 kimanin 8, na gigahaz 23 kimanin 14. Mu ɗauki layi mai kilomita 10 a kan gigahaz 15, hadari ya rufe kilomita 4 daga ciki. Asara ta kai kimanin 32, guzuri 35 ne, layi ya sha da ƙyar, masu kira ba su ma sani ba. To a ce wata guguwa ta watan Afrilu ta ɗan karkatar da faifan, ya rasa desibel 8 ba wanda ya lura, tunda ranar da babu ruwa kira na tafiya sumul. Guzuri ya koma 27. Hadarin da bara ya wuce lafiya, bana sai ya kayar da layi. Za a rubuta a rahoto cewa ruwa ne, alhali ruwa asiri kawai ya tona. Laifin yana wajen noti da ya kwance watanni uku da suka wuce, kuma yana nan ɓaro-ɓaro a cikin bayanai, ranar da sigina ta sauka daga -40 zuwa -48 ta zauna. Kada a yi mamakin ƙanƙantar motsin da ke haifar da wannan. Faifai mai faɗin mita 1.2 a kan gigahaz 15 yana harba sigina ne cikin kusurwa ta kimanin digiri 1 kacal. Motsin da ido ba zai gani daga ƙasa ba ya isa. Akwai ma tarkon da ya fi wannan: a gefen babban harshen sigina akwai ƙananan harsuna, mai saiti da ke gaggawa yakan kama ɗaya daga cikinsu, ya ga allura ta tashi, ya ɗaure noti ya sauko, ya bar layi da giɓin desibel kusan 20 tun ranar haihuwarsa.

Na biyu a jerin waɗanda ake zargi shi ne hazo. Da hunturu ya shigo, sabis ya fara wasa, sai ka ji an ce ƙura ce ta tare hanya. Tsawon igiyar gigahaz 7 ya kai santimita 4, ƙwayar ƙurar hunturu kuwa ido ba ya ganinta ita kaɗai, don haka igiyar na ratsa hazo kusan kamar babu shi. Abin da hunturu ke yi ya fi haka dabara. A daren da iska ta kwanta, ƙasa takan yi sanyi da sauri, iska ta jeru hawa-hawa, mai sanyi da ɗan laima a ƙasa, mai ɗumi busasshiya a sama. Wannan jeri yana lanƙwasa sigina, ya raba ta hanya biyu ko uku, su iso faifai a lokuta mabambanta, wani lokaci su taimaki juna, wani lokaci su soke juna. Sawun wannan cuta ba ya ɓuya: tana zuwa tsakanin tsakar dare da hantsi, ta fi kama dogayen zanguna, sigina na faɗuwa ƙasa warwas na 'yan daƙiƙu ta dawo, wani lokaci ma ta haura adadinta na kullum, da rana ta ɗaga iska ta motsa sai komai ya lafa. Ruwan kwance na ƙara mata ƙarfi, tunda yana mayar da sigina kamar madubi, mu kuwa haƙar kuza ta bar mana kududdufai birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ga kuma dam na Lamingo. Maganinta faifai na biyu a wani tsayi daban, ko gyara tsayin na farko, ko ɗan ɗaga bakinsa sama. Sauya akwatin rediyo sau goma ba zai taɓa ta ba. Ƙura dai tana da ɓarnarta, amma a ƙasa take yi: ta toshe matatar janareto, ta rufe fuskar sola, ta sa ɗakin na'ura ya ɗau zafi.

Tudunmu yana da alheri a wannan fanni, yana kuma da sharri. Jos na bisa tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, Bauchi kuwa na kimanin 600. Wanda zai ja layi daga nan ya bi ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabardo yana gangarawa ne, kuma zangon da ke da gangare ya fi tsira daga waccan rikicewar dare, domin yana yanka jerin iskar ne a karkace. Sai dai ganin ɗaya ƙarfen da ido ko da madubin hangen nesa bai isa ba. Sigina na buƙatar fili kewaye da layin gani, fili mai siffar kwalekwale, siriri a baki biyu, mai faɗi a tsakiya. A zango mai kilomita 30 kan gigahaz 7, daga layin gani zuwa gefen wannan fili a tsakiyar hanya kimanin mita 18 ne, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa, wato mita 11, ya zama babu komai. Ƙari a kan haka, doron ƙasa kansa yana tasowa da kimanin mita 13 a tsakiyar irin wannan zango, ranar da iska ta juya hali kuma tasirinsa na iya ninkawa. Itacen turare da ya cika tudun nan yana ƙara tsayi duk shekara, mangwaro na cika ganye da damina, benaye na tashi a cikin gari. Sawun wannan shi ne sauka a hankali, desibel 1 bana, 2 baɗi, a ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Wannan kalma ta ɓangarori biyu ita ce tambaya mafi arha kuma mafi amfani a aikin nan. Hanya guda ce ta zuwa da ta dawowa. Ruwa ko itace ko karkatar faifai ba sa zaɓen ɓangare, idan sun ci, sun ci duka biyu. Idan sigina ta faɗi a gefe guda, ɗayan kuma lafiya lau, to a wanke hanya daga zargi, a duba na'urar aikawa ta can ko ta karɓa ta nan. Idan kuma sigina cike take a ko'ina amma kuskure na taruwa, an shiga wani babi. Wanda ake fara tuhuma shi ne kutsen wata sigina, gwajinsa kuwa ba ya cin minti 5: a sa na'urar can ta yi shiru, a duba abin da ta nan ke ji. Ya kamata ta ji kusan babu komai, wajen -90 ko ƙasa. Idan har tana jin wani abu mai ƙarfi, akwai baƙo a kan tasharka, wataƙila maƙwabcin da kuke ƙarfe ɗaya da shi, wataƙila wani layi na kamfaninku da ke nesa wanda iskar dare ta ɗauko. Rabon tashoshi kuwa aikin Hukumar NCC ne, can ake kai ƙara tare da hujja. Idan babu baƙo, sai a bi hanyar da saƙo ke bi gaɓa-gaɓa, ana mayar da shi kansa a kowace gaɓa, daga akwatin cikin ɗaki zuwa kebul zuwa akwatin saman ƙarfe, har a ga inda ya fara lalacewa. Sau da yawa a mahaɗar kebul ake kama ɓarawon, inda aka yi ƙwauron tef ruwa ya shiga. Sawunsa ya bambanta da na ruwan sama: kuskure na farawa bayan an ɗauke ruwa, ya daɗe har kebul ya bushe.

Saura wuta da tsawa. Na'urorin nan na aiki da wutar batir mai ƙarfin bolt 48, kuma kuskuren da ke zuwa daidai lokacin da aka ɗauke wutar NEPA ko janareto ya tashi ba shi da alaƙa da sama ko kaɗan. A gwama lokacin ƙararrawar wuta da lokacin kuskure, magana ta ƙare. Batun tsawa kuwa ya fi tsanani a wurinmu, saboda wurin da ya fi dacewa da ƙarfe shi ne kan dutse, dutsen kuma ba ya karɓar wuta kamar ƙasa mai laima. Ƙarfen da ba a yi wa wayar sauke tsawa aiki mai kyau ba, ko aka sace tagullarsa, zai ci gaba da ƙona akwati duk damina, ana sauyawa ana zagin kamfanin da ya ƙera.

Na san abin da masu aikin fili za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce malam, layi ya faɗi, garuruwa biyar babu sabis, oga na kira duk minti 10, wa ke da lokacin karatu? Amsata ita ce karatun nan bai kai rabin sa'a ba, kuma daga ofis ake yinsa, alhali ɗaukar mota zuwa ƙarfen da ke bayan gari da hawansa na cin yini, ga kasadar rai idan da hadari. Mafi muni shi ne a tafi ƙarfen da ba shi ne ke da matsala ba. Za su ƙara cewa sun sha sauya akwati layi ya dawo. Haka ne, amma a tambaya me ya dawo da shi. Mai sauya akwati dole ya kwance kebul ya sake ɗaurawa, ya kashe wuta ya kunna, kuma kafin ya sauko rana ta ɗaga, iskar dare ta watse. Kowanne daga cikin ukun nan na iya zama maganin, akwatin da aka cire kuma lafiyarsa ƙalau, an tura shi sito da tambarin lalacewa, an kashe dala wajen sayo wani. Na yarda akwai ranar da akwati ke mutuwa da gaske, ranar nan kuwa bayanai ma za su faɗa, domin ƙararrawarsa daban ce.

Wasu kuma za su ce rediyon zamani na gyara kansa, yana ƙara ƙarfi idan sigina ta yi ƙasa, yana rage yawan kayan da yake ɗauka don kada ya faɗi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta ƙara wajabta karatun. Layin da ya kamata ya ɗauki megabit ɗaruruwa zai iya komawa ɗaukar kaso kaɗan na watanni, fitila na nuna kore, babu ƙararrawa, mutanen gari na ƙorafin intanet ba ya sauri, ofis na cewa komai lafiya. Na'urar ta ɓoye ciwon ne, don haka sai an duba sa'a nawa ta yi a kowane mataki. Masu cewa fayiba za ta kore maikurowef kuwa, su dubi sau nawa aikin hanya ko ɓarayi ke tsinka fayiba a ƙasar nan, abin da ya kai Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Ranar da katafila ta tsinke waya, faifan nan ne ke riƙe gari, kuma ƙauyen da ke bayan dutse zai daɗe bai ga fayiba ba.

Akwai wata riba da ba a zata ba. Tunda an san yawan desibel da kowane ƙarfin ruwa ke ci, ana iya juya lissafin, a auna ruwan sama daga raunin sigina. An gwada haka a Burkina Faso da bayanan kamfanin Telecel Faso na daminar 2012, aka buga sakamakon a 2014. Kowane layi da ke ratsa tudun nan ma'aunin ruwa ne mai tsawon kilomitoci, yana aiki dare da rana.

Don haka kirana ga kamfanoni da masu kula da ƙarafa shi ne su liƙa takardar ranar farko a cikin ɗakin kowace tasha, su daidaita agogon na'urorinsu don lokutan ɓangarori biyu su yi daidai, su ajiye bayanan minti 15 na aƙalla shekara guda, damina da hunturu duka. Ga malaman Jami'ar Jos kuma, ku nemi waɗannan bayanai, ku haɗa su da na hukumar NiMet, ku ba ɗalibai su yi aikin kammala karatu a kansu. Ku kuma ƙannena masu hawa ƙarfe, kafin ku ɗaura bel gobe, ku tambayi ofis abu uku: nawa sigina take ranar farko, ƙarfe nawa kuskuren ke zuwa, kuma gefe ɗaya ne ko biyu. Idan babu mai amsa, ku jira a nemo.